Inda Yayana Ya Tsaya a Gidan Ruwa

Abokin ɗakin yayana ne ya kawo mini ledar, wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a tashar jirgin ƙasa ta Mushairib. Satina uku ke nan a Doha, na zo karatun digiri na biyu. Yaya kuwa ya haura shekara a ƙarƙashin ƙasar garin. Gadi yake yi a wani dogon bene a Lusail. Wata rana da hantsi ya ce ƙirjinsa na ciwo, ya zauna a kujera, bai sake tashi ba. A nan aka yi masa sutura. Mu a Zariya waya kawai muka samu.

Mutumin ɗan Gusau ne, dogo, mai kunya. Bai yarda ya kalli fuskata ba, ya miƙo ledar da hannu biyu.

"Ƙanwarmu, ga abin da ya rage. Kayan aiki kafil, uban gidanmu na wurin aiki, ya karɓe, tufafin kuma mun yi sadaka da su yadda Hajiya mahaifiyarku ta ce. Wannan ne na ce sai dai hannu da hannu."

Hula ce ɗaya, da carbi, da agogon da ya tsaya, sai wani ɗan gwangwanin alawa. Na buɗe gwangwanin, na ga an naɗe wani abu da auduga.

"Layarsa ce," in ji shi ƙasa-ƙasa. "A ƙarƙashin filo yake ajiye ta. Na sha yi masa wa'azi a kai, sai ya yi dariya ya ce in bari sai ƙanwarsa ta zo."

Katin memori ne na gem, wanda ake adana inda aka tsaya a wasa, baƙi, bai kai akwatin ashana girma ba, da ɗigon jan farce a kusurwarsa. Ni na ɗiga jan farcen nan ina 'yar shekara goma sha ɗaya, don kada a musanya mana shi da na maƙwabta. Na zauna a benci, jirage na zuwa suna tafiya, bawan Allah yana tsaye a kaina ya rasa yadda zai yi da ni. Ban iya yi masa bayani ba. A cikin abin nan yayana yana tsaye a gaban wata koriyar ƙofa, shekara goma sha biyar ke nan, yana jira na.

Na'urar gem ɗinmu 'yar gwanjo ce, Baba ya sayo ta a kasuwar Sabon Gari. Daga Japan ta fito, duk rubutunta na can ne. Faifan kuma na bogi ne, hoton 'yan ƙwallo a bangonsa, don ƙwallon Yaya ya sayo shi. Da aka saka sai ga wata mata riƙe da fitila a ƙofar wani babban gida a bakin teku. Yaya ya yi tsaki, ya ce gobe zai mayar. Bai mayar ba.

Ba mu taɓa sanin sunan wasan ba. Gidan Ruwa muke ce masa, saboda teku ta shiga gidan ta cinye benen ƙasa. Matar ba ta da bindiga, ko sanda ba ta da ita. In ta taka ruwa ƙafarta na barin sawu, kuma akwai wani abu a gidan da ke bin jiƙaƙƙen sawu. Ba a ganinsa. Sai dai ka ji ɗigar ruwa na matsowa, ka ga wani sawun, babba, yana fitowa a kan katako ɗaya bayan ɗaya. Dabarar kawai ita ce ka sami busasshen wuri ka tsaya cak har ƙafarka ta bushe. Na ga wasannin tsoro da yawa daga baya, masu jini da ihu, babu wanda ya tsorata ni kamar wannan tsayuwar.

Umma ta tsani wasan. Gidan aljanun nan take ce masa, ta kuma kafa doka: ba a kunna shi in rana ta yi ja. Don haka ranar Asabar muke yi, bayan an taso daga Islamiyya, mu ja labule, rana na tsagowa ta gefensa. Yaya ke riƙe hannun gem ɗin. Ni kuma ina kwance rub-da-ciki da littafin lissafi, ina zana taswirar gidan ɗaki bayan ɗaki. Idan rubutu ya fito, shi ke fassarawa, alhali ko harafi ɗaya bai sani ba.

"Ta ce wai wane mara tarbiyya ne ya bar famfo a buɗe."

"Yaya, rubutun fa layi shida ne."

"Sauran zagi ne, Auta. Ba na yara ba ne."

A wasu ɗakunan akwai famfo, in matar ta wanke hannu a nan ne ake adana inda aka tsaya. Mu alwala muke kiran wannan. Da yake ana ɗauke wuta ba sallama, aikina na biyu shi ne kallon ƙwan fitilar falo. Da na ga ya fara lumshewa sai in yi ihu, "Yaya, alwala!" Ya ruga da matar zuwa famfo, sannan ya miƙo mini hannun gem ɗin. A nan kaɗai nake taɓa shi. Ya ce hannuna na da albarka, tun ranar da shi ya danna ba daidai ba muka rasa aikin sati biyu.

Madannai biyu ya koya mini. Mai zagaye shi ne eh, mai ekis shi ne a'a.

"Maimaita."

"Zagaye eh, ekis a'a."

"Ko daga barci na tashe ki?"

"Zagaye eh, ekis a'a!"

Wata takwas muka yi muna hawa gidan. Yaya ba ya shan maganin da ake tsinta a ɗakuna, tarawa yake yi, yana jera kwalaben a layin ƙasa na jakar matar, wai don gaba. Ranar da muka kai bene na huɗu muka ga koriyar ƙofa, ita kaɗai a ƙarshen doguwar baranda, kiɗan ma ya ɗauke. Washegari za a kai ni makarantar kwana. Umma na ta kira in zo a gwada mini akwati.

"Buɗe mana, Yaya."

"A gurguje? Haba. Je ki dawo. Ba zan buɗe ba sai da ke."

Ya miƙo mini, na yi alwala.

Da na dawo hutu idon na'urar ya mutu, ba ta karanta faifai. Mai gyara ya gwada ya gaji. Bayan shekara biyu Umma ta ba 'yan jari-bola ita, faifan ya ɓace a tashin gida, littafin taswira kuma gara ta ci. Muka girma. Shi ya nemi aiki bai samu ba har ya tafi Qatar, ni na bi karatu. Ko sau ɗaya bai ce mini katin na wurinsa ba.

Daga ranar Juma'ar nan karatuna ya koma gefe. Ina zama a laburare, takardun bincikena a buɗe, ina rubuta wa baƙi a intanet kwatancen wani wasa mara suna: mata da fitila, gida da ruwa, sawu. Wasu su ce wannan ne, in duba in ga ba shi ba ne. Wani ya ce mafarki na yi. Akwai ranar da na fara yarda da shi, sai da na fito da gwangwanin na taɓa jan farcen. Malamar da ke duba aikina ta kira ni ofis ta tambaye ni ko lafiya, na ce yanayin garin ne bai karɓe ni ba. Abin da ke cina kuwa shi ne abin da na karanta, cewa irin waɗannan katunan suna mutuwa da kansu in sun tsufa. Kullum na buɗe gwangwanin sai in ji kamar ina jin numfashin mara lafiya.

Wata 'yar ajinmu ce ta kwatanta mini wani shago a unguwar Old Airport, a bayan wani gidan abinci, tsakanin tela da mai gyaran waya. Na je wata Asabar da azahar, zafi na tasowa daga kwalta har cikin takalmina. Shagon ƙarami ne, na'urori jibge har rufi, wayoyi na reto kamar saiwar gamji. Mai shagon dattijo ne ɗan Indiya, da tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. Kowa ankul yake ce masa. Da Turanci da guntun Larabci muka fahimci juna.

Ya juya katin a tafin hannunsa, ya ce, "Wannan ya girme ki."

"Bai girme ni ba, ankul. Tare muka tashi."

Na ba shi labarin, ban ɓoye komai ba. Ya saurara bai katse ni ba. Ya ce ba shi da na'urar Japan a yanzu, ta Turai ce da shi. Wasan kansa ba zai buɗu a kanta ba, amma za ta nuna abin da ke cikin katin, har da sunan wasan, kuma za a iya kwafe shi zuwa sabon kati kafin tsohon ya cika. Abu biyun da nake nema ke nan a duniya.

Ya share wata tsohuwar talabijin mai ƙeya, ya jona. Ƙarar da na'urar ta yi da ta tashi ta mayar da ni falonmu, har ƙamshin miyar kukar Umma na ji. Ya soka katin. Allon ya yi duhu, ya yi shuɗi, sannan ga shi. Ɗan ƙaramin famfo yana juyawa a hankali, ɗigon ruwa ɗaya na faɗowa daga bakinsa yana komawa. A ƙasansa rubutun Japan, da adadin awannin da muka yi.

"Shi ne?"

Na gyaɗa kai. Ya ɗauki hoton allon da wayarsa, wayar ta karanto masa sunan. Ya ce shekara talatin yana wannan sana'a bai taɓa jin sa ba. Ya miƙo mini hannun gem ɗin, ya ce in riƙe, kada in taɓa komai, bari ya nemo sabon kati. Ya juya ya durƙusa yana tonon wani kwali.

Sai allon ya yi rawa, famfon ya ɓace.

Na san wannan. A gida ya sha yi mana haka, maganinsa kuma kowane yaro a unguwarmu ya san shi: a zare, a hura masa iska, a mayar. Ban kira ankul ba. Na zare katin, na hura sau uku yadda Yaya ke yi, na mayar. Rubutu ya fito, da Turanci wannan karon, baƙaƙe manya. Na'urar ta ce ba ta gane katin ba, tana tambaya ko a wanke shi, duk abin da ke ciki zai tafi.

Na karanta, na kuma fahimta sarai. Digirina na farko a Turancin ne. Zuciyata ta ce a'a, bakina ma ya ce a'a, na ji shi da kunnena. Babban yatsana ya tafi inda aka koya masa a'a take, ya danna ekis.

Wani siririn layi ya taso daga hagu ya cika zuwa dama. Bai fi numfashi biyu ba. Sannan ta ce an gama.

"Ankul," na ce. "Ankul, na ce mata a'a."

Ya miƙe da sabon kati a hannu. Ya kalli allon, ya kalli yatsana da ke kan madannin har lokacin. Ya sauko da tabarau na biyu, kamar zai ga wani abu dabam.

"Wanne kika danna?"

"Ekis. A'a."

"'Yata," ya ce a hankali, "a na'urar Japan ne ekis yake a'a. A wannan shi ne eh."

Na ce ya sake sokawa. Ya soka, babu komai, fili fetal. Na ce ya gwada ɗaya ramin. Na ce a kashe a kunna. Na ce ko in an kawo ta Japan za ta gani, wataƙila wannan ce ba ta iya gani ba. Ya yi duk abin da na ce, har wanda ya san ba shi da amfani. Ya kira wani abokinsa a waya suka daɗe suna magana da yarensu, ina kallon bakinsa ina neman alamar sauƙi. Ya jona katin a kwamfuta da wata waya da ya haɗa da kansa. Na durƙusa a ƙasan shagon cikin ƙura da wayoyi, ina cewa don Allah, don Allah, ban san wa nake roƙo ba, shi ko na'urar. An kira la'asar muna nan. Tela ya leƙo ya koma.

Daga ƙarshe ya zare katin, ya mayar da shi cikin audugarsa, ya rufe gwangwanin.

"Khalas, shi ke nan, 'yata. Da tsohon ya mutu da kansa, da na ce ƙaddarar ƙarfe ce. Wannan ma ƙaddara ce. Laifina ne da na ba ki ban faɗa miki ba."

Ba laifinsa ba ne. Katin nan ya tsallake tashin gida biyu, ya hau jirgi, ya yi shekara uku a ƙarƙashin filo a ɗakin mutum shida, ya yi shekara a hannun wanda ya ɗauka laya ce bai jefar ba. Dannawa ɗaya ta gama da shi a hannun da aka ce yana da albarka.

Ankul ya aika aka kawo shayin madara da suke kira karak. Na riƙe kofin har ya huce.

Kwana huɗu ban ɗauki wayar Umma ba, don na riga na gaya mata zan je a buɗe katin. A na biyar na ɗauka.

"Auta, kin gan shi?"

"Na gani, Umma. Sannan na goge shi. Da hannuna."

Na duba ko layin ya yanke. Ina jin kaji a tsakar gida.

"Ni ma ai na ba 'yan jari-bola na'urar," ta ce. "Yana makaranta, bai sani ba. Da ya dawo sai ya tsaya yana kallon wurin da take. Har yau ina jin nauyinta a hannuna." Ta ja hanci. "Kin ci abinci?"

Bayan wata biyu ankul ya kira ni. Ya bi sunan nan har ya samo faifan, na asali, wurin wani mai tara tsofaffin wasanni, ya kuma aro na'urar Japan. Ya ce ba a fita da su daga shago, amma akwai kujera a baya kusa da fanka, ranar Asabar daga azahar zuwa la'asar babu mai damuna.

Na fara daga ƙofar gida, a kan katin Yaya. Na ƙudurta zan mayar da komai yadda yake: matar a gaban koriyar ƙofa, kwalaben magani a layin ƙasa, awannin ma in zai yiwu. Wata biyar ya rage mini a ƙasar, ga rubutun bincike ban kai rabi ba. Ashe kallon wasa dabam, yin sa dabam. Na san gidan kamar tafin hannuna, ni na zana shi, amma yatsuna ba su iya tafiya a cikinsa ba. Ina cin karo da bango. In na ji ɗigar ruwan sai in ruga a guje, alhali na fi kowa sanin tsayawa ake yi. Abin ya kama ni a barandar farko sau goma sha ɗaya. Ankul na gyaran wata na'ura yana leƙowa ta saman tabarau.

"Tsaya mana! Ke da kika ce yayanki tsayawa yake yi."

"Shi ba ya jin tsoro, ankul."

"Wa ya gaya miki? Ke kina kallon littafi, ba ki ga hannunsa ba."

A bene na biyu na sha kwalbar magani ta farko. Na ajiye hannun gem ɗin na fita waje na tsaya a rana. A na uku na shanye sauran. Duk lokacin da na zo famfo sai in tsaya in kalli yatsana, in faɗa a fili, zagaye eh, kafin in danna, ko da yake a wannan na'urar hannuna bai taɓa yin kuskure ba. A nan kuwa wuta ba ta taɓa lumshewa, amma ina kallon ƙwan shagon.

Sati uku kafin tafiyata na kai bene na huɗu. Baranda na nan yadda na bar ta, kiɗan ya ɗauke a daidai inda yake ɗaukewa. Na yi alwala a famfon ƙarshe, na fita na duba katin. Famfon na juyawa, ɗigon na faɗowa. Awannin ba su yi daidai da namu ba, jakar matar kuma wayam. Duk wanda ya gani ya san ba Yaya ne ya kawo ta nan ba.

Na koma na tsayar da ita a gaban ƙofar. Na daɗe a haka. Ankul ya ajiye abin da yake yi, ya jawo kujera.

"Yalla, buɗe," ya ce. "Ya ce sai kin zo. Kin zo."

Na danna zagaye.

Babu dodo a ciki. Ƙaramin ɗaki ne busasshe, da gado ɗaya, da taga mai kallon teku, rana na shigowa. Matar ta ajiye fitilarta a ƙasa. Sai rubutu ya fara fitowa, layi bayan layi, har ya cika allon.

Ankul ya ɗaga wayarsa zai ɗauki hoto ta fassara mana. Na dafa hannunsa, ya sauke.

"Ta ce wai," na fara da Hausa, da irin muryar da Yaya ke yi, mai cike da tabbaci. Ankul bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya gyara zama yana jira.

"Ta ce wai..."

Na nemi sauran ban samu ba. Rubutun na nan yana jiran a danna, fanka na kaɗawa, aka fara kiran la'asar a masallacin bayan layi.